Kakin Aro

Sashenmu na masu tarin fuka yana can ƙarshen gidan yarin, bayan ɗakin shan magani, dab da kwatamin da ke kwashe ƙazantar gidan gaba ɗaya. Fursunoni Filin Jirgi suke ce masa, wai daga nan ake tashi zuwa lahira. Ragar waya ce ta raba mu da sauran jama'a, kuma ba don kada mu gudu aka sa ta ba, don babu mai numfashin gudu a cikinmu. Gandirobobi ko ƙofar ba sa son taɓawa. In an kawo masara da wake sai a dire robar a ƙasa, a turo mana da ƙafa. Da damina kwatamin ya cika ya shigo har ƙarƙashin tabarmi da duk abin da ke cikinsa, mu ɗage ƙafafu mu ci gaba da tari.

Ni Ekambi, acaɓa nake yi a Duwala kafin in buge ɗan wani mai hali. Aka yi ta yawo da ni daga wannan gidan yari zuwa wancan ana jiran shari'a, har ƙirjina ya ruɓe aka jefo ni nan. Ba ni da aiki sai zama a jikin waya ina kallon tsakar gida, saboda haka a kan idona aka shigo da Mirabel.

An haife ta namiji, takardunta Nkoa suka ce, amma ita tun tasowarta mace take, kitso take yi a wani shago a bayan kasuwa. A wurin cin gasasshen kifi aka kama ta, laifinta siket da jan baki. Ni ma da farko “shi” nake cewa kamar kowa. Yanzu “ita” nake cewa, wanda bai ji daɗi ba ya toshe kunnensa.

A tsakar gida suka aske ta. Sababbin shiga a lungun ƙofa ake yi musu aski, amma ita sai da aka fito da kujera fili don kowa ya sha kallo. Wani gandiroba ya ɗaga kitson da aka yanke yana kaɗawa, ɗaruruwan mutane suna ihu suna buga kwanoni. Shugabar sashen mata ta leƙo ta ce ita ba za ta karɓi ƙato a ɗakinta ba. Sai aka tura ta babban sashen maza, hannun Kanal.

Kanal ba soja ba ne. Fursuna ne kamarmu, ɗan fashi, amma shi ke raba wurin kwana a sashen, shi ke hukunci, gandirobobi kuma suna jin daɗinsa don ya rage musu aiki. Da aka kai ta ƙofa da kansa ya fito ya karɓe ta, yana gyara wando.

Ban sake ganinta ba sai bayan kwanaki, da aka kawo ta ɗakin shan magani. Tafiyarta kawai na gani na kau da kai. Tagar ɗakin tana kusa da wayarmu, komai aka faɗa muna ji. Ma Ngo, nas ɗinmu, mace mai jiki wadda gajiya ta cinye wa fara'a, ta gama ɗinkin da za ta yi ta ce, “To, ka faɗi a banɗaki ke nan.”

“Ma, ba faɗuwa na yi ba.”

“A gidan nan kowa faɗuwa yake yi a banɗaki. Tashi, akwai mutane a layi.”

“Don Allah, Ma, ki bar ni nan. Ko a ƙasa zan kwanta. Zan yi miki shara, zan wanke miki komai.”

“Gadona uku ne, kuma na masu mutuwa ne. Je ka gaya wa shugaban gida.”

“Na gaya masa.”

“Ya ce me?”

“Ya ce ai maza nake nema, ga su nan an ba ni kyauta.”

Sai na ji ƙarar almakashi da Ma Ngo ta jefa a kwano.

Mirabel ta fito ta jingina da bango kusa da ni, don zama ba zai yi mata ba. Leɓenta a fashe, kanta duk sharɓen aska. Ta daɗe tana kallon sashenmu, da kwatamin, da ƙudajen, da mutanen da ke kwance kamar busasshen kifi a kan waya.

“Pa,” ta ce, “su wa ke kwana nan?”

“Masu tarin fuka. Matsa baya in kana son ranka.”

“Kanal yana shigowa?”

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. “Kanal? Ko iskar da ta biyo ta nan ba ya yarda ta taɓa shi. Shi da yaransa duka.”

“Yaya ake shiga?”

“Da kaki. A ba ka ɗan kofi ka tofa, a kai asibitin gari a duba. In an ga ƙwayar cutar, ka ci jarrabawa.”

“In ba a gani ba fa?”

“Sai ka koma inda ka fito.”

Ta matso har numfashinta yana taɓa wayar. “Na ji an ce ana arowa.”

Gaskiya ne, ana yi. Masu tarin fuka ana ƙara mana ɗan kifin gwangwani da garin madara, saboda haka wanda yunwa ta haukata yakan nemi kakin wani ya kai a matsayin nasa. Ma Ngo ta san da haka, shi ya sa dole a gabanta za ka tofa. Ba a shiga da shi a aljihu. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma duk ƙazantar da na gani a gidan nan ban taɓa iya tsayawa kallon wannan ba.

“Kai, tafi ka ba ni wuri,” na ce. “Ni ba na wannan harkar. Balle da irinku.”

Abin da na faɗa ke nan, haka nake ji a lokacin. Ba ta yi musu ba. Ana cikin haka sai ga Kofur, ɗan aiken Kanal, wani dogo mai haƙori ɗaya a sama. Ya tsaya nesa, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci.

“Amarya! An gama gyaran? Taho mana, mutane na ta jira tun safe.”

Gandiroban da ke tsaron ɗakin shan magani ya ƙyalƙyale da dariya. Mirabel ta saki wayar. Na ga fitsari yana bin ƙafarta yana sauka a kan silifa, ita ko sani ba ta yi ba. Ta gyara wuyan riga, ta ɗaga kai, ta fara takawa. Ban san ko tausayi ba ne, ni dai abin da na ji ƙyama ce, ta Kofur, ta gandiroban, ta bakina da ya gama magana yanzu.

“Ke,” na ce. Ranar na fara ce mata ke. “Ranar Talata ake karɓa. Ki fara tari tun yau, kowa ya ji.”

Ranar Talata da safe na shiga lungu na kako daga can ƙasan ƙirji, mai kauri, kore-kore da ɗan ja, na tofa a murfin kwalba. Ta zo ta tsaya a layi ta jikin waya kamar mai gaisuwa. Na zura mata murfin ta ƙasa. Ta juya baya, ta kai baki, ta kurɓe. Mutum shida ne a gabanta, kuma Ma Ngo ba ta sauri. Ta tsaya da abin nan a baki, kumatu a ɗan kumbure, idanunta na zubar da ruwa, wani yana yi mata magana tana gyaɗa kai. Ni da na ba ta ni na kasa jurewa. Na durƙusa a bakin kwatami na amayar da kokon da na sha har da wanda ban sha ba. Ita kuwa ta kai gaban Ma Ngo, ta yi ɗan tarin ƙarya, ta tofa a kofi, ta ce na gode.

Da sakamako ya dawo, gandiroba ya rako ta da sanda, yana tafe nesa da ita. Ta shigo Filin Jirgi da tabarma a hamata, ta dubi ƙazantar nan, ta ja numfashi ta saki. Ta shimfiɗa tabarmar a bakin ƙofa, inda kwatami ya fi wari. Ta kwanta tun hantsi, ba ta motsa ba sai washegari da rana ta fito.

Wasu sun yi gunaguni, wai an kawo musu ɗan daudu. Amma gunaguni ma da numfashi ake yinsa, kuma da suka ga tana wanke musu robobin tofi, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa, sai bakin ya mutu. Ta yagi tsohon gidan sauro ta yi ɗankwali. Ranar da matata ta aiko mini da bobolo, wato dunƙulen rogo, da soyayyen kifi muka ci tare, tana zagin yajin.

“Pa Ekambi, matarka tana sonka kuwa? Wannan barkono ai na kashe miji ne.”

“Ci ki yi shiru, marar kunya. Ke me kika iya dafawa?”

“Ni? Ranar da na fita zan yi maka miyar ndole, ka saki matarka.”

“Allah ya kiyaye. Da wannan kan naki kamar ƙwan jimina?”

Kofur bai daina zuwa ba. Duk bayan kwana biyu sai ya tsaya can nesa, riga a hanci. “Kanal na gaida mai jiki. Ya ce a sha magani da kyau, ana kewa.” In ya tafi sai ta shiga wanke robobin da ta riga ta wanke.

Ƙa'idar sashenmu ita ce duk bayan 'yan watanni a sake gwaji, wanda kakinsa ya fito fes ya tattara ya koma cikin jama'a. Saboda haka kowane gwaji sai mun sake abin nan, ni da murfin kwalba, ita da bakinta. Ban taɓa sabawa ba. Mutane suna addu'ar su warke, mu biyu muna addu'ar ƙirjina ya ci gaba da ruɓewa.

A tsakanin nan ne aka kawo baƙi, wasu masu kula da haƙƙin fursunoni daga babban birni. Tun jajibiri aka sa mu share kwatami, aka watsa farar ƙasa. Suka zo su biyar da takunkumi bibbiyu a fuska, shugaban gida yana gaba da tumbinsa da turarensa. Wata mata mai tabarau ta ce sun sami labarin akwai mutum irin Mirabel a gidan, suna son sanin halin da take ciki.

Shugaban ya washe baki. “Madam, ai gidan nan mun waye. Da muka ga yanayinsa sai muka ware masa wuri na musamman, nesa da jama'a, don tsaron lafiyarsa. Ga shi can. Har ƙarin abinci muke ba shi.”

Matar ta matso, amma ba sosai ba. Ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma. “Akwai wanda yake taɓa ki a nan?”

“Babu, Madam.”

“Kina jin kina cikin aminci?”

“Ƙwarai, Madam.”

Matar ta dafa ƙirji, ta ce kai, hankalinta ya kwanta. Aka ɗauki hoto da katan ɗin sabulu, aka tafa. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi mai lafiya ta zo ta kwanta a tsakiyar masu aman jini. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, Mirabel ba ƙarya ta yi musu ba. Duk faɗin gidan nan, da ofisoshinsa da tutarsa da cocinsa, wurin da ya fi mata aminci shi ne bakin kwatamin nan.

Daga nan sai na fara warkewa. Ban nema ba, maganin ne ya ga dama ya kama ni a ƙarshe. Zufa ta daina jiƙa mini tabarma, abinci ya fara yi mini daɗi, tarin ya bushe. Wata rana ina sharce kwano na ɗago na ga Mirabel tana kallona.

“Pa, kana ƙiba.”

“Ƙarya kike.”

“Wuyanka ya ciko. Matarka za ta yi murna.” Ta yi murmushi, amma hannunta yana murza bakin ɗankwali.

Washegari da Ma Ngo ta miƙo ƙwayoyi ta taga, na ɓoye nawa a ƙarƙashin harshe, na zagaya lungu zan tofar. Sai na ji Mirabel ta damƙi hannuna.

“Haɗiye.”

“Ke, sake ni. Na ɗan kwana biyu ne kawai, har a wuce gwaji.”

“Na ce ka haɗiye, tsohon banza! 'Ya'yanka fa? Ka mutu a ce ni na kashe ka? Abin da aka ɗora mini bai isa ba?”

Ta tsaya a kaina har na haɗiye, ta sa na buɗe baki ta duba. Tun daga ranar kullum sai ta yi mini haka.

Na ce to mu nemi wani. Sababbin marasa lafiya ba sa yankewa a Filin Jirgi, akwai masu kakin da ya fi nawa. Amma Kanal ba wawa ba ne, ya daɗe da gano dabarar. Kofur ya zo ya tsaya inda ya saba, wannan karon da ƙarfi ya yi magana don kowa ya ji.

“Kanal ya ce a gaya wa masu tari, duk mai warkewa wurinsa zai dawo. Wanda ya ƙara ba amaryarsa abin bakinsa, yana jiransa. Pa Ekambi, kai ma an ajiye maka wuri mai kyau.”

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya mini baya, kuma ban ga laifinsu ba. Maganar ta kai kunnen gandirobobi, su kuma suka kai wa Ma Ngo. Ta sanar cewa daga yau kowa sai ya kurkure baki da ruwa a gabanta, ya buɗe ta haska, sannan ya tofa.

Ranar gwajin duk da haka na shiga lungu na yi ta kaki har maƙogwarona ya yi zafi. Babu abin da ya fito sai farin yawu. Na dawo na same ta tana ɗaura ɗankwali a nutse.

“Babu komai, Mira.”

“Na sani, Pa. Mu je.”

Ina bayanta a layi. Ta karɓi ruwa ta kurkure, ta zubar, ta buɗe baki Ma Ngo ta haska. Sannan ta dafa bango ta fara tari. Na sha jin tarinta na ƙarya, har tsokanarta nake yi wai kamar akuya ta shaƙi dusa. Wannan ba shi ba ne. Daga ƙasa yake tasowa, yana da ruwa, yana girgiza kafaɗu. Na san shi, a ƙirjina ya yi shekara. Sai a lokacin na lura da yadda ƙashin wuyanta ya fito, da yadda rigar ta yi mata yawa.

Da muka koma na ja ta lungu. “Tun yaushe?”

“Ya ɗan jima. Bayan gida nake zuwa in yi, kada ka ji.”

“To ƙwayoyin da ake ba ki fa? Wanda ke shan magani yaya za a yi ya kamu?”

Ta kalli kwatami. Na bi idonta, na gane inda ƙwayoyinta suke tafiya tun ranar da ta shigo. Ita da take tsare ni sai na haɗiye nawa. Sannan na tuna yadda take zaɓen wanda ya fi kowa jin jiki ta zauna a kansa, tana goge masa baki, fuskarta dab da tasa.

“Kin haukace? Kin san abin da wannan ciwon yake yi wa mutum? Kin ga mutum nawa aka fitar a tabarma!”

“Na gani, ni nake naɗe su.” Muryarta ko rawa ba ta yi. “Pa, na san naka zai ƙare wata rana. Na aro ba ya zama. Ina son nawa, wanda ba mai ƙwace mini.”

“Zai kashe ki.”

“Wataƙila. Amma shi a hankali yake yi, kuma shi kaɗai ne, ba ya gayyato abokai.”

Na zauna a kan bokiti ina jin warin kwatami kamar ranar na fara jinsa.

Bayan kwanaki Ma Ngo ta leƙo ta taga ta fara kiran sunaye. “Ekambi, ka warke, tattara kayanka.” Ta kira wasu biyu. Sannan ta ce, “Nkoa.” Ta cire tabarau ta dubi Mirabel, ta daɗe. “Akwai shi, da yawa ma. Kuma irin wanda ba ya jin maganin farko ne. Zamanki a nan zai yi tsawo, 'yata.”

Mirabel ta rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka take yi. Da ta sauke hannun sai na ga dariya ce, dariya sosai, irin wadda ban taɓa gani a fuskarta ba, har ta fara taka rawa a kan silifa kafin tari ya durƙusar da ita. Ta goge baki da gefen ɗankwali, wurin ya yi ja.

Gandiroba ya buga waya da sanda. “Waɗanda suka warke, ku fito! Kanal na jira ya ba ku wuri.”

Na naɗe tabarmata. Ta taso ta karɓa ta ɗaure mini da kyau, ta saƙala mini a kafaɗa, sannan ta ja da baya don kada numfashinta ya same ni. Idanunta suna ƙyalli, tana jiran in ce wani abu. Zagi ne cike da bakina, nata da na shugaban gida da na matar nan mai tabarau da na ƙasar gaba ɗaya. Na buɗe bakin, sai na ji kaina ina cewa, “Barka, Mira.”

“Yauwa, Pa,” ta ce. “Na gode.”